Nasiha Ga Malamai Da Almajirai A Kan Ɗigon Fitsarin Ƙananan Yara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam da rauni, sa'an nan ya ƙarfafa shi sannu-sannu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai, Allah ya gafarta muku, da ku almajirai masu karatu, wannan takarda magana ce a kan wani al'amari da mutane su ke gani ƙarami, har su kan ji nauyin ambatonsa a zaure, alhali kuwa ana zaluntar yara da yawa saboda shi. Shi ne yaro ko yarinya 'yan shekara 3 zuwa 7, waɗanda suka riga suka iya kewayawa da kansu, sun san buta, sun san salga, amma sau da yawa sai a tarar da ɗan jiƙo a gaban wandonsu, kamar faɗin kwabo ko tafin hannu, da ɗan zarni. Ba fitsarin kwance mu ke nufi ba, wannan babinsa dabam. Ɗigon rana mu ke nufi, wanda ya ke zubowa yaro yana farke.

Abin da aka saba yi wa irin wannan yaro kowa ya sani. A gida uwa ta daka masa tsawa, ta ce ƙazami ne. A makaranta a zabga masa dorina, a ce ƙiwuya ce ta hana shi tashi. 'Yan'uwansa su laƙaba masa suna, su bi shi da waƙar amalala. Wani kuma a hana shi ruwan sha, wai don ya bushe. To, mu abin da mu ke gani, kuma shi za mu kafa wa hujja, wannan duka ba shi da madogara a hankali, ba shi da madogara a shari'a, kuma ƙara cutar ya ke yi. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗigon nan yana da dalilai sanannu, kuma da yawa daga cikinsu mu manya ne mu ke jawo su.

Fasali na farko: yadda aka gina jikin yaro

Ku sani ƙoda biyu gare mu, dare da rana suna tace jini, suna fid da ruwan da jiki ba ya bukata. Ruwan nan ya kan gangaro ta waɗansu siraran hanyoyi biyu, ya taru a mafitsara, cikin mara. Mafitsara kuwa tamkar salka ce ta tsoka, mai miƙewa, a bakinta akwai wata tsoka mai tsukewa kamar igiyar da a ke ɗaure bakin salka da ita. In ta cika, jijiyoyi su kai labari ta lakka zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da izini, ko ta ce a dakata. Jariri ba shi da wannan iko, da ta cika sai ta matse. Yawancin yara tsakanin shekara 2 da 4 su ke samun ikon riƙewa da rana. Amma samun iko dabam, ƙwarewa dabam. Ai ku kun fi kowa sanin wanda ya gama babbaƙu ba a ce ya sauke ba, da sauran tafiya a gabansa.

Sa'an nan salkar yaro 'yar ƙarama ce. Likitocin yara suna da wani lissafi: a ƙara 1 a kan shekarun yaro, a ninka sau 30, abin da ya fito shi ne adadin mililitar da mafitsararsa za ta ɗauka. Ɗan shekara 3, mililita 120 ke nan. Ɗan shekara 5, mililita 180, wato sulusi da 'yan kai na ledar ruwan nan da a ke sayarwa mai mililita 500. Ta babban mutum kuwa tana ɗaukar 400 zuwa 500. Lafiyayyen yaro ya kan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini. To, malam yana zaune a kan buzu tun asuba har hantsi bai motsa ba, ta yaya zai auna kolo da mudunsa?

Saboda wannan ne likitocin wannan fanni suka daidaita a kan ba a kiran ɗigon rana cuta sai yaro ya cika shekara 5. Ko bayan nan ma abin ba baƙo ba ne. A shekarar 1990 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin a kan yara fiye da 3,500 'yan shekara 7, aka sami kimanin 6 cikin 100 na mata da 4 cikin 100 na maza suna jiƙa wando da rana. Ƙasa ce mai wadata, ga ruwa ga ban-ɗaki. Ashe duk makarantar da ta tara ƙananan yara 50, kada a yi mamaki in an sami biyu ko uku masu wannan larura, ko malam ya sani ko bai sani ba.

Fasali na biyu: dalilan ɗigon

Na farko, riƙewa. Yaro yana cikin wasa, fitsari ya kira shi, ya ƙi amsawa don kada a ci shi a langa. Ko yana gaban malam, yana tsoron neman izini. Ko salgar ce mai faɗin baki, mai duhu, cike da kyankyasai, ga shi an cika masa kunne da labarin aljanun bayan gida. Sai ya matse. Za ku gan shi yana harɗe ƙafafu, yana dafe gabansa, yana tsugunawa a kan dunduniyarsa, yana mutsu-mutsu. Salka ta cika ta batse, igiya ta gaji, sai ɗigo ya tsere. In riƙewa ta zama masa ɗabi'a, sai ya daina jin kiran da wuri, sai abu ya kai maƙura.

Na biyu, mafitsara mai gaggawa. Waɗansu yara mafitsararsu ta kan matse da kanta tun ba ta cika ba, ba tare da izinin ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan yaro yanzu ya dawo daga kewaye, an jima kaɗan ya ce zai koma, kuma in ya taso masa ba ya ba shi lokaci, kafin ya kai ƙofa ya ɗiga. Shi ne wanda a kan ce maƙaryaci ne, yana gudun karatu, alhali gaskiya ya faɗa.

Na uku, kuma shi ne wanda mutane suka fi jahilta, taurin bayan gida. Ƙarshen hanji yana jingine da bayan mafitsara, maƙwabta ne masu katanga ɗaya. In kashi ya taru ya sandare a nan, sai ya danne mafitsara, ya rage mata wuri, ya tsokane ta, ya kuma hana ta juye abin cikinta sarai. Wata likita a Jami'ar Ayowa ta Amurka, sunanta Vera Loening-Baucke, ta buga bincike a shekarar 1997 a kan yara 234 masu taurin bayan gida. Cikin waɗanda su ke jiƙa wando da rana, aka kuma yi nasarar sassauta musu ciki, 89 cikin 100 ɗigon ya ɗauke. Ku duba fa, hanji aka yi wa magani, mafitsara ta warke. Alamar wannan tauri ita ce yaro ya yi bayan gida ƙasa da sau 3 a mako, ko ya fito ƙulu-ƙulu kamar na awaki, ko ya yi ta nishi yana kuka, ko a riƙa ganin shafin kashi a wandonsa.

Na huɗu, saura bayan an tashi. Babu kunya wajen neman sani, saboda haka ku gaya wa matan gida wannan. 'Yar yarinya in ta tsuguna gwiwoyinta a haɗe, wando ya riƙe ta a cinya, wani abu na fitsarin ya kan koma ya maƙale a gabanta. Da ta miƙe ta yi 'yan taku, sai ya gangaro. Alamarsa jiƙon yana zuwa ne jim kaɗan bayan ta fito daga kewaye. Namiji kuma garaje ya kan ja masa, ya ja wando tun bai ƙare ba don ya koma wasa.

Na biyar, waɗansu ƙananan dalilai. Akwai yaran da dariya mai ƙarfi ta kan sa mafitsararsu ta saki. Shayi da lemon kwalba baƙi da goro suna tsokanar mafitsara. Sabulu mai zafi da ƙananan tsutsotsin dubura su kan sa ƙaiƙayi a wurin. Damuwa ma dalili ce: an yi wa yaro ƙane, ko iyayensa sun rabu, ko an ɗauko shi daga ƙauyensu an kawo shi tsangaya cikin baƙin fuskoki. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke.

To, ku nuna mana cikin biyar ɗin nan wanda dorina ta ke warkarwa. Tsoro shi kansa ya kan sa ƙato ya saki fitsari, balle kolo. Yaron da aka doka sai ya koyi ɓoye jiƙaƙƙen wando, ya yini da shi har cinyoyinsa su saɓule, ya ƙara jin tsoron neman izini, ya rage shan ruwa da kansa. In ruwa ya yi ƙaranci kuwa, fitsari ya yi kauri ya yi ja, ya ƙara tsokanar mafitsara, bayan gida kuma ya ƙara tauri. An je kashe wuta an zuba mata mai. Tun da daɗewa Ibn Haldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya keɓe fasali guda cikin Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga masu koyo cutarwa ce gare su, tana koya musu ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Fasali na uku: amsa ga masu musu

In wani ya ce, fitsari najasa ne, kuma ya inganta cewa rashin kiyaye shi yana jawo azabar kabari, ashe ba tausayi ba ne a tsananta wa yaro tun yanzu? Sai mu ce, gaskiya ne fitsarin yaron da ya ke cin abinci najasa ne, babu saɓani. Amma wancan gargaɗi ga baligi ne mai hankali, wanda ya yi sakaci da ganganci. Yaro ba mukallafi ba ne, an ɗauke masa alƙalami har ya balaga. Salla ita kanta sai ya kai shekara 7 a ke umurtarsa da ita. Najasa kuwa maganinta ruwa. Ɗan Ahalari ma ya san in an gane wurin, shi za a wanke, in ya rikice a wanke tufar duka, in ana shakka a yayyafa. Ba mu ga littafin da ya ce a haɗa da bulala ba.

Ku tuna baligi mai salasin bawali, wanda ya ke ɗigar masa mafi yawan lokaci, malamanmu na Malikiyya ba su warware masa alwala da shi ba, Risala ta ce an so dai ya sake alwala ga kowace salla. Muhtasar kuma ya yi rangwame ga najasar da kiyaye ta ya ke da wuya. Shari'a ta yi wa mai gemu uzuri, mu kuwa mu hana ɗan shekara 5? Ku tuna kuma Ummu Ƙaisi 'yar Mihsan ta kawo jaririnta ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, yaron ya yi fitsari a tufarsa, abin da ya yi ya sa aka kawo ruwa. Balaraben ƙauye ya yi fitsari cikin masallaci, sahabbai suka taso masa, ya hana su katse shi, da ya ƙare aka kwarara guga guda a wurin, sa'an nan ya koya masa da taushi.

In wani ya ce, ice tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, sai mu ce mun yarda, amma tanƙwarawa aka ce, wadda a ke yi da hannu a hankali. Horo ga laifi a ke yinsa, wanda yaro ya aikata da zaɓinsa. Wa ya taɓa ganin yaron da ya zaɓi abokansa su yi masa dariya?

In kuma wani ya ce, in aka buɗe ƙofar fita, yara za su mai da ita hanyar gudun karatu, sai mu ce ya tabbata a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim cewa wanda bawali ko bayan gida ya matsa, ya fara biyan bukatarsa kafin ya shiga salla. In an jinkirta salla saboda wannan, yaya za a tsare yaro a kan allo? Kuma wane karatu ne zai zauna a kan wanda hankalinsa duka ya tattaru a mararsa? Maganin mai dabara shi ne a yanka lokacin fita ga kowa, sai hujjarsa ta faɗi.

Fasali na huɗu: abin da mu ke kira a yi

A sa yaro ya kewaya bayan kowace awa 2 zuwa 3, ko ya ji ko bai ji ba. Ba sai da agogo ba: da ya farka, da hantsi, kafin azahar, da la'asar, da magariba, da lokacin kwanciya. A makaranta kowa ya kewaya kafin a ɗauki allo, a kuma ba da fita ɗaya a tsakiyar zama. Ƙaramin yaro in ya nemi izini kada a hana shi ko sau ɗaya. Wanda a ke zargi, a haɗa shi da babba ya raka shi.

A gyara salga. A tsuke bakinta daidai da tsugunin yaro, a yi mata murfi, a ajiye fitila da ƙaramar buta da ruwa. Makarantar da ba ta da wurin kewayawa, mutanen unguwa su taru su gina, wannan sadaka ce mai gudana. A daina tsorata yara da dodon masai, a koya musu addu'ar shiga da ta fita da murmushi.

A ba yaro ruwa isasshe, a rarraba shi cikin yini. Ɗan shekara 4 zuwa 8 yana bukatar kamar lita 1 ko fiye kaɗan, da bazara kuwa fiye da haka. Ma'auninku launin fitsarinsa: in ya yi haske ruwa ya isa, in ya yi ja yana bukatar ƙari. A rage masa shayi da lemon kwalba.

A duba bayan gidansa. A yawaita masa miyar kuka da kuɓewa da zogale da alayyahu, da wake, da gwanda da mangwaro da lemo, a rage biskit da farin burodi. Bayan cin abinci a sa shi ya tsuguna kamar minti 5, don a lokacin nan hanji ya fi motsi. In taurin ya daɗe, abinci kaɗai ba ya isa, a je ga likita ya ba da magani mai tausasa kashi, a kuma jure, don ya kan ɗauki watanni. Kada a ɗura wa yaro jiƙe-jiƙen gudawa da ba a san ƙarfinsu ba.

A koya masa natsuwa a kewaye. Yarinya ta sauke wando har idon sawu ko ta tuɓe shi, ta buɗe gwiwoyi, ta dakata kaɗan kafin ta miƙe, ta kama ruwa daga gaba zuwa baya. Namiji ya jira har ɗigo ya yanke. Wannan shi ne istibra'in da mu ke karantarwa, an dai fara shi da wuri da lallashi.

In ya jiƙe, a kira shi gefe, ya wanke jikinsa da hannuwansa, ya sake wando, ya koma kan allonsa ba wanda ya ji. Uwa ta riƙa sa masa wando na biyu cikin jaka. A yaba masa ranar da ya tashi da kansa a kan lokaci, don wannan ne abin da ya ke cikin ikonsa. Ku kuma manyan almajirai da gardawa, ku ne idon malam in ya ba da baya. Wanda ya ji ana yi wa ƙaninsa waƙa ya yi shiru, yana da kaso cikin alhakin.

Fasali na biyar: alamun da su ke wajabta asibiti

Yara da yawa da wannan tsari su kan bushe cikin makonni ko watanni. Amma wani ɗigon manzo ne na cuta, kada a zauna a kansa. In yaro yana kukan zafi wajen fitsari, ko fitsarin ya yi wari ƙwarai, ko da zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne wataƙila suka shiga mafitsara, in an bar su su kan hau su ɓata ƙoda. In ana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce mafi yawa, wadda a ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da rafi da dam. Likita Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a shekarar 1851. Masu cewa alamar girma ce ga ɗa namiji sun ɓata, cuta ce mai cin mafitsara, kuma tana da magani, firazikwantel, ana raba shi kyauta a wurare da yawa.

In yaro yana shan ruwa ba ƙoshi, yana fitsari mai yawa, yana ramewa, a kai shi a ranar a auna sugan jininsa, wannan ba ya jiran gobe. Mai sikila kuma ƙodarsa ba ta iya tsuke ruwa kamar ta sauran yara, fitsarinsa yawa gare shi, hana shi ruwa kuwa ya kan tayar masa da ciwo mai tsanani. Yarinyar da ba ta taɓa bushewa ba dare da rana, alhali tana fitsari daidai, mai yiwuwa wata hanyar ƙoda ce ta sauka ba a wurinta ba tun halitta, aiki ya kan gyara ta. Namijin da fitsarinsa ba shi da ƙarfi, sai ya yi nishi, a duba ko hanya ce ta toshe. Haka wanda ƙafafunsa su ke rauni, ko a ka ga rami ko tsiron gashi a ƙasan gadon bayansa. Wanda ya bushe wata 6 ko fiye sa'an nan ya koma jiƙewa, shi ma a kai shi. In kuwa abin ya zo farat ɗaya, tare da firgita da gudun wani mutum, ko rauni a al'aura, a tambaye shi a keɓe da taushi, ko wani azzalumi ne ya ke taɓa shi, kada kunya ta sa a rufe. Kowane yaro da ya wuce shekara 5, aka bi tsarin nan wata 2 ko 3 ba sauƙi, likita ya gan shi, don akwai magunguna na mafitsara mai gaggawa.

Ya ku malamai, iyaye sun damƙa muku yaran nan amana, waɗansu daga nisan duniya, ba su da uwa kusa sai ku. Muna roƙonku ku karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya karatu ba, ku kai maganar cikin gidajenku, ku kuma fara da abu guda tun gobe da safe: kafin a ɗauki allo, kowa ya ɗauki buta. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba su lafiya da ilmi mai amfani, ya sa tausayinsu a zukatanmu. Amin. Wassalamu.